Amsa ga Alhajin da ya tambaye mu batun shafin intanet na aji

Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma.

A taron iyayen yara da malamai da aka yi a lakwal ɗinmu, ka miƙe gaban jama'a ka ce yau kowa da waya a aljihunsa, to me ya hana kowane mushe ya buɗe wa ajinsa shafi a intanet, ya riƙa sa darasi da duwar da maki, uba ya duba daga shagonsa a Kasuwar Dole? Ni ka nuna, don ni ke koyar da lissafi a ajin ƴan BEPC, wato jarabawar kammala kwaleji, inda ɗanka yake. Magariba ta kawo jiki aka watse, shi ya sa na kawo amsar a rubuce.

Buƙatarka tana kan hanya. A 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni, mun ga yadda yara suka zauna gida ba mai isar musu da ko layi ɗaya na karatu. Wannan ya dame ni, har yau yana damuna.

Amma Alhaji, buɗe shafin ba wuya, yammaci guda ya isa. Kamar ragon kiwo yake: sayensa rana ɗaya, harawarsa kullum. Ɗauki darasin Thalès, na lissafin tsawon layuka a zanen alwatika. A kan allo, da alli da ma'auni, kafin yara su gama buɗe littafi na zana shi. In za a sa shi a kwamfuta kuwa, sai an zana kowane layi, an sa wa kowace kusurwa harafinta, an jera lambar sama da ta ƙasa, an sake karantawa, domin kuskure ɗaya yara fiye da 70 za su kwafe. In na ce hoton allon zan ɗauka, ƙurar alli da hasken taga sun dushe rabinsa, ga hoton da nauyi, ya tsaya rabin hanya yana juyi, forfe na ƙarewa. Forfen nan daga aljihun mushe yake fita, kuma da yawa daga abokan aikina ƴan kwantaragi ne, ka san abin da suke ɗauka a wata.

Lokacin kuma daga ina zai fito? Bayan la'asar nake zama da tarin takardun yara da jan biro. Nan ne nake gane cewa ɗanka ya san ƙa'idar, wajen sauya alama yake tuntuɓe, sai in rubuta masa a gefen takarda. Duk awar da shafi ya ci, daga wannan zaman ya cire ta, don ba ni da wata awar a ajiye. Ga kuma abin da ke biyowa: uba ya turo tambaya bayan isha'i yana jiran amsa, an ɗaga ranar jarabawa dole a gyara nan take. In aka yi sati uku ba a taɓa shafin ba, uwa ta ga duwar ɗin watan jiya ta tsare yaro a kansa. Maki kuwa ba zan baza shi kowa ya gani ba. Yaron da ya samu 4 bisa 20 yana da mutuncinsa, haka hotunan ƴan mata ba na sawa ba da yardar iyayensu ba.

Kuran ma ba a hannunmu yake ba. Ba ka manta yadda Damagaram ta kasance daga Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke wutar da take turowa. Ko a shekarar lafiya, Afrilu da Mayu ne aka fi ɗaukewa, daidai lokacin bitar jarabawa.

Sannan wa zai karanta? Kai kana da babbar waya, kana jin Faransanci. A ajina akwai yaran ƙauyukan Mirriya da ke zaune wajen dangi, iyayensu ƙaramar waya gare su, kuma yawancin iyaye mata sai a Hausa za su ji.

Ga abin da nake ganin zai yiwu. A yi shafi ɗaya na lakwal baki ɗaya, a damƙa wa malami ɗaya, darakta ya rage masa awoyin aji a rubuce, COGES, kwamitin iyaye da malamai mai kula da lakwal, ta ɗauki nauyin kwamfuta da forfe. Wajen kafa shi ana iya neman taimakon ɗaliban Jami'ar André Salifou. A sa abin da ba ya tsufa da wuri: jadawalin shekara, da tambayoyin BEPC na shekarun baya tare da amsoshinsu. Ni kuma na ɗauki alkawarin saƙon murya da Hausa kowace Juma'a ta WhatsApp, in faɗi abin da muka yi da abin da yaro zai yi kafin Litinin.

Kai ke da baki a COGES, Alhaji. Ka sa maganar cikin ajandar zama mai zuwa, ni zan zo da tsofaffin tambayoyin BEPC da na tara, mu fara da su.

Wassalam,
Mushen lissafi, Damagaram