Wasiƙa daga Damagaram: saƙon akwatin wuta

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da karatu da sanyin Faransa. Mu nan Damagaram bazara ta kankama, kafin azahar duwatsun Birni sun ɗauki zafi har ba a iya dafa su. Inna ta ce in gaishe ka, kuma tana ta tambayar ranar zuwanka.

Wata alfarma nake nema kafin ka taso hutu: ka sayo mini akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Ka tuna kwamfutar da muka haɗa tare, wadda muke kwana buga ƙwallo a kanta a zaurenmu? Watan jiya na cire tsohon katin hoton nan GTX 1650, wato abin da ke fitar da hoto a allo, na sa RTX 3060 da wani ya kawo mini daga Kano. Ranar farko yara suka cika ɗakin. Ba mu yi minti 20 da fara wasa ba, allo ya yi baƙi, kwamfuta ta mutu ɗif. Na ɗauka an ɗauke wuta ne, sai na ga fankar sama tana juyawa abinta. Na sake kunnawa, ta sake mutuwa, a karo na uku kuwa sai ga ƙaurin roba yana fitowa ta baya. Wallahi gabana ya faɗi, don kuɗin katin nan na fi shekara ina tara su.

Da na kwance akwatin wutar na kai shi bakin taga, na goge ƙurar hunturu da ta lulluɓe takardar jikinsa, sai na ga inda gizo ke saƙa. An rubuta 450W da manyan baƙaƙe, amma a ƙasa, a layin 12V, amfiya 18 kawai. Ka ninka 12 sau 18, wat 216 ke nan. Katin hoto da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuwa daga wannan layin suke sha, sauran lambobin ba su ne ke ɗaukar nauyin ba. Tsohon katin wat 75 yake ci, ko waya ta daban ba ya buƙata, shi ya sa shekara da shekaru ba mu ga matsala ba. Sabon yana cin 170, furosesata Ryzen 5 5600 tana kaiwa kusan 76 in aiki ya yi tsanani, sauran kayan ka ba su 50. An doshi 300 ke nan. Jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi, dole ya durƙusa. Na gode Allah da bai tafi da katin ba, don irin waɗannan masu araha in za su mutu ba su cika mutuwa su kaɗai ba.

To ga abin da nake so. A kanti ka ce musu alimentation, sunan akwatin da Faransanci ke nan, ta wat 650. Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro katin, 550 suka ce a sa masa, amma ina son sarari, saboda ko nan gaba na koma RTX 4070, ita ma 650 ɗin ake nema mata. Kada mai kanti ya tura ka ga 1000, asarar kuɗi ce gare ni. Ka juya kwalin ka duba layin 12V da idonka: na kirki zai ba da wajen amfiya 54, wato kusan ƙarfinsa duka. Ya kasance yana da wayar katin hoto mai baki 8, in biyu ne ma ya fi. Na kamfanin Seasonic ko Corsair ko be quiet!, duk wanda ka samu da garanti na shekara 5 zuwa sama.

Maganar tambarin 80 Plus, mai nuna yadda akwati ke tattalin wuta, da can ina ganin ado ne. Yanzu na gane amfaninsa gare mu. Mai Bronze, in yana rabin aiki, wajen kashi 85 cikin 100 na wutar da ya ja yake miƙa wa kwamfuta, mai Gold kuma wajen 90. Ragowar zafi take zama a cikin akwati. A ɗakin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ɗan bambancin ba abin rainawa ba ne. Saboda haka in kuɗin sun kai, Gold nake so. Ka kuma duba ko sun rubuta cewa yana ba da cikakken ƙarfinsa har a digiri 40 ko 50, don wasu a ɗaki mai sanyi aka gwada su, da sun ji zafinmu sai su rage.

Abu na ƙarshe, wanda aka rubuta 100 zuwa 240V a jikinsa. Ka san yadda wuta ke yin ƙasa a unguwarmu bayan magariba, kowa ya kunna fanka da firji, ƙwan fitila ya koma ja. Irin wannan yana jure hakan. Na'urar daidaita wuta da UPS, mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kuwa kada ka wahalar da kanka, nauyi gare su, a nan zan nema. Filogi ma ba damuwa, namu da na Faransa ɗaya ne.

Don Allah ka bar shi cikin kwalinsa da wayoyinsa duka, saboda wayoyin wani akwati ba a sa wa wani, ko da bakin ya shiga, suna iya ƙona kaya. Rasit ɗin ma ka riƙe mini. Ka faɗa mini nawa ya kama a sefa, in kai wa Baba kuɗin a shago ko in ajiye maka har ka iso. Kafin nan na mayar da tsohon katin, na ari wani akwati wurin mai gyara, sabon kuma yana naɗe cikin ledarsa a ƙasan adakar Inna.

Ka gaida mutanenmu na can. Allah ya kawo ka lafiya.

Naka,
abokinka na Birni