A kwashe jirage tun guguwa ba ta iso ba

Malam Edita, salamu alaikum, a ɗan ba ni fili don Allah.

Guguwar Charley ta 13 ga Agusta 2004 kowa ya zaci birnin Tampa za ta nufa, sai ta karkata ta afka wa garin Punta Gorda a jihar Florida ta Amurka, ta yi kaca-kaca da ƙaramin filin jirgin garin, rumfuna suka rufta kan jirage wasu kuma iska ta kife su tayoyi a sama. Ni dai a ganina da an ji gargaɗi mai jirgi ya tashi da abinsa can nesa kawai, kar ya tsaya jiran tabbas. In hakan bai yiwu ba a ɗaure fukafukai da jela tamau, a tare tayoyi, a kulle sitiyari. Rumfa ma fa in ƙofarta ta ɓalle sai dai haƙuri.

Naku,
Wani mai karatu