Rahoton Ayyukan Shekara: Haɗin Gwiwar Makarantun Zane da Kamfanoni da Ƙungiyoyin Al'umma

Zuwa ga mambobi masu girma,

Kwamitin zartarwa ya ba da mafi yawan ƙarfinsa a bana wajen bin diddigin ayyukan da makarantun koyar da zane da tsara kayayyaki suka yi tare da kamfanoni da ƙungiyoyin al'umma. Abin da muka gano shi ne, aikin da ya watse yawanci tun wajen yarjejeniya ya watse, kafin ɗalibi ya zana komai.

Don haka muka kammala samfurin yarjejeniya da kowace makaranta za ta iya ɗauka ta gyara. Farkonsa takardar bayanin aiki ce, kada ta wuce shafi 2: mece ce matsalar, wa zai yi amfani da abin, nawa aka ware, kuma waɗanne kaya injinan kamfanin ke iya sarrafawa. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa. Sai ɗalibai su tsara abin da ke buƙatar zubin roba, alhali kamfanin lanƙwasa ƙarfe kawai ya iya. Mun kuma sa sharaɗin kamfani ya naɗa mutum guda mai ikon yanke shawara, ya ba ɗalibai awa 1 duk mako 2. Idan wakili na sauyawa, buƙata ma sai ta riƙa sauyawa.

Batun haƙƙin mallaka ya ci mana lokaci, kuma ya cancanta. Dole a rubuta tun farko wa ke da zanen, me za a biya ɗalibi idan aka ƙera shi don sayarwa, da ranar da alƙawarin riƙe sirri zai ƙare, domin ɗalibin da aka hana nuna aikinsa an tauye masa hanyar samun aiki. Akwai kuma tarkon baje kolin ƙarshen shekara: a Turai, nuna ƙirƙira a bainar jama'a kafin a shigar da takardar neman rajistarta na kashe damar samun haƙƙin mallakar ƙirƙira (patent), a Amurka kuwa akwai rangwamen wata 12. A shigar da takarda kafin a buɗe baje koli.

A tarukan bitar malamai mun yi aiki kan jadawali. Zangon karatu mako 12 zuwa 15 ne, kamfani kuwa ba ruwansa da zango. Shawararmu: mako 3 na bincike, mako 3 na fitar da dabaru, zaman dubawa da kamfani a mako na 7, sauran lokacin a ƙera samfuri a gwada shi a hannun masu amfani. Bayan mako na 7 ba a karɓar sabuwar buƙata. Rukuni ya zama ɗalibai 3 ko 4. Da ya haura haka, wasu sai su zama 'yan kallo.

Aiki da al'umma ya fi mu damuwa. Ɗalibai kan gama su tafi, abin da suka gina ya lalace, ba mai gyara, jama'a kuma su ji an mai da su wurin gwaji. Yanzu ba ma goyon bayan aikin da bai faɗi wa zai kula da shi ba, da kayan gyaran da za a iya samu a kusa, da ziyarar dubawa bayan wata 6. Misalin da muke nuna wa malamai shi ne Rural Studio, shirin koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Auburn ta Amurka, wanda aka kafa a 1993 a jihar Alabama, ya zauna a yanki ɗaya shekara da shekaru, har kowane rukuni ke ganin yadda ginin na gabansa ya ƙare. A ɓangaren masana'antu kuwa, makarantar zane ta Ulm a Jamus, wadda aka rufe a 1968, ta yi shekaru tana aiki da kamfanin kayan lantarki na Braun, cikin abin da aka samu har da rediyo mai faifai SK 4 a 1956. Dangantaka mai tsawo aka yi a duka biyun.

Inshorar ɗalibai a cikin masana'anta ba mu kammala ba. Ita za mu fara da ita baɗi. Muna roƙon kowace makaranta ta turo wa sakatariya kwafin yarjejeniyar da ta yi amfani da ita bana, a goge sunayen mutane, kafin babban taro.

Kwamitin Zartarwa