Ɗan Birin da Aka Ɗaure da Igiya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku.

Ranar Asabar ina dawowa daga kasuwar Kejetia da ke nan Kumasi na ga wani yaro a bakin hanya yana tallan ɗan biri. Bai kai tsawon damtsena ba. An ɗaure shi da igiyar leda a ƙugu, ta ci fata har ƙuda na bi, shi kuwa ya ƙanƙame wani tsumma kamar uwarsa ce. Na tambayi yaron, ya ce, “Hajiya, maharbi ne ya kashe uwar.” Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba.

Ban saya ba, domin in ka saya gobe wani za a kamo. Ƙanena ya kira masu kula da namun daji, suka zo suka karɓe shi. Da na je dubiya na tarar an yanke igiyar, an wanke miki, wata budurwa tana ba shi madara da sirinji, ɗigo-ɗigo, har cikin dare take tashi.

Yawancinmu a Zango ba mu san dokar Ghana ta hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba ba, lokacin da namun daji ke haihuwa. Akwai kuma ƙungiyar WAPCA da ke kula da birai a gidajen zoo na Accra da Kumasi. Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan a huɗuba, da Hausa.

Wata mai karatu,
Aboabo, Kumasi