Ɗana, ka ajiye kwalbar nan

Assalamu alaikum, ɗana.

Muna nan lafiya, sai dai barci ya ƙaurace wa mahaifiyarka tun daren Talata, da ƙanwarka ta nuna mata hoton nan a waya. Sun so ɓoye mini, na matsa sai da na gani. Kai ne a tsaye bakin titi, fuska ɗaure da ƙyalle, kusa da ƙafarka kwalaben fetur uku da tsumma a bakinsu. Rufe fuskar bai hana ni gane ka ba. Kafaɗarka ta hagu a ɗan karkace take, irin ta marigayi kawunka.

Ban ce kada ka fita zanga-zanga ba. Abin da kuke kuka a kansa gaskiya ne, ni ma yana ci mini rai. Tsoron a harbe ka yana nan, amma akwai wanda ya fi shi hana ni sukuni: kada ran wani ya fita ta hannunka. Wuta ba ta tambayar wanda ke cikin gini.

Ran da muka yi sa-in-sa ka ce tsoro ne ya sa na janye a zamaninmu. Na yi shiru. To, ji yanzu. Akwai maigadi yana barci cikin ginin da muka cinna wa wuta, ba mu sani ba. Ya rayu, amma na ga hannuwansa bayan an kwance bandeji, yatsun sun manne da juna. Har yau ban san ko kwalbata ce ta faɗa ɗakinsa ba. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

A 1922, a Chauri Chaura ta Indiya, 'yan sanda sun buɗe wa masu zanga-zanga wuta, su kuma suka ƙona ofishin 'yan sandan, mutum 22 suka mutu a ciki. Gandhi, jagoran neman 'yanci daga Turawan Ingila, ya dakatar da gwagwarmayar a faɗin ƙasar, daga baya aka rataye mutum 19. Fushinsu na da dalili, amma 'yancin bai matso ko da taku ɗaya ba a ranar.

Kai ɗan boko ne, kana son hujja. Masu bincike Erica Chenoweth da Maria Stephan sun bi diddigin gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006. Na lumana sun yi nasara kusan kashi 53 cikin ɗari, na makami kusan kashi 26. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsohuwa da mai goyo da ɗan kasuwa za su fito in sun san tafiya ce kawai, amma da an fara jifa sai su koma gida, a bar ku ku kaɗai. Sojan da aka ce ya yi harbi kuwa, in ya hango mai kama da uwarsa a sahun gaba, hannunsa zai yi nauyi. Haka aka yi a Filifin a 1986: jama'a suka tsaya gaban tankokin yaƙi, sojoji suka ƙi harbi, cikin kwana 4 shugaban ƙasar, Marcos, ya gudu. Kwalbarka uzuri ce kake miƙa wa sojan nan, ka sauke masa nauyin.

Na san za ka kawo Mandela. Ya ɗauki makami a 1961, bayan an kashe mutum 69 a Sharpeville ta Afirka ta Kudu, amma da farko kayan gwamnati shi da mutanensa suka riƙa lalatawa suna kauce wa rayuka, kuma yajin aiki da ƙauracewa da takunkumi da teburin sulhu ne suka kai su zaɓen 1994. Dubi Siriya kuma, inda aka fara da tattaki a 2011 aka koma bindiga, aka yi fiye da shekara 10 ana binne mutane.

Wa ya ba ka fetur ɗin? Yana cikin hoton? Ba ya ciki. Ba za ka gan shi a kotu ba, ba zai zo yi mana jaje ba. Ban yi wahalar karatunka don ka zama karen farautar wani ba, kuma in ka ƙona ɗan mutane, ban san da wane ido zan dube ka ba.

Ka yi haƙuri, zafin zuciya ne. Ka fita da kwalinka na zanga-zanga, ka buɗe fuskarka, ka riƙe na kusa da kai in ya sunkuya ɗaukar dutse. Ka zubar da fetur ɗin yau, sannan ka kira mahaifiyarka, ko da tsakar dare ne, wayar na ƙarƙashin matashinta.

Allah ya tsare mini kai.

Mahaifinka.