Gadon tausa ba ya warkar da cutar karkarwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na ranar Asabar ya ɓata min rai, kuma gara in faɗa muku. Kun kwashe rabin lokacin kuna kambama gadon nan na Birtaniya mai yatsun mutum-mutumi, wanda majiyyaci zai kwanta a kai ya yi ta danna masa gaɓoɓin baya, har mai gabatarwa na cewa masu cutar Parkinson, wato cutar karkarwa, kakarsu ta yanke saƙa. Haba!

Ni nake jinyar mahaifina, kuma ya daɗe da wannan cuta. Hannunsa na dama karkarwa yake ko a zaune, bayansa ya sandare ya ranƙwafa. In ya zo bakin ƙofa ƙafafun kafewa suke, sai na ƙirga masa ɗaya, biyu, uku kafin ya iya ɗagawa. Maɓallin riga ya gagare shi. Tausa kam mun san amfaninta. Ana yi masa a sashen gashin ƙashi, ni ma na koya, ina yi masa da man zafi bayan Isha'i. Jikin yakan saki ya samu barci, gari na wayewa sandarewar ta dawo. Ai ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dopamine mai taimakawa wajen sarrafa motsin jiki ne ke mutuwa, kuma babu tausar da ke tayar da su, ta ƙarfe ce ko ta hannu. Likitan da kuka gayyato ya ɗauko wannan bayani kenan aka katse shi aka sa talla.

To ga abin da kuka jawo mana. Baba da rediyonsa yake kwana. Tun ranar ya kafe sai an sayar da gonarsa ta fadama an kai shi Ingila, wai an samo magani mu ne muka ƙi. Jiya Kawu ma ya zo ya wanke ni tas a gaban yarana. Ku ne za ku zo ku lallashe su?

Ko sau ɗaya ba ku ambaci levodopa ba, ƙwayar da tun ƙarshen shekarun 1960 ita ke riƙe da masu cutar. Mu nan sai mu gama zagaye kemis-kemis babu, in an samu kuɗin ya tashi. Muhammad Ali, da dukiyarsa da likitocin Amurka, daga 1984 ya yi ta fama da cutar har ya rasu a 2016. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8.5. Mutum nawa a cikinsu zai taɓa kwanciya a wannan gado? Mu ko kyauta aka ba mu, da wace wuta za mu kunna shi?

Ku dawo da likitan nan, ku bar shi ya ƙarasa maganarsa, don Baba ya ji da kunnensa.

Sannan kiɗan da kuke sakawa lokacin labarin kasuwanni ya cika ƙara, ko farashin masara ba ma ji. A rage shi don Allah.

Naku,
Mai sauraro daga Funtuwa