Ba kowane tabarau ne na walda ba

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana akan wata kalma da muke faɗa kullum, wato tabarau. Mu nan Kano duk abin da aka ɗora a kan hanci tabarau ne, ko mu ce gilashi wanda muka aro daga Turanci, dattawa kuma su ce madubin ido, daga duba kenan. To wanda likita ke rubuta wa mutum tabarau, baƙin da samari ke ƙwamawa ranar hawan Daushe tabarau, wanda ya kamata mai walda ya sa shi ma tabarau, kuma wallahi wannan haɗa sunan yana cutar da yaranmu.

Ɗan yayana yana koyon walda wajen Ƙofar Ruwa, ogansa ya ce masa ya nemo tabarau, yaro ya je ya siyo baƙin gilashin gayu a hannun mai talla a bakin titi, ya wuni yana kallon wuta da shi, a ganinsa tunda hasken baya kashe masa ido ai shikenan. Da rana lafiya lau, sai wajen ƙarfe biyun dare muka ji ihu, ido ya yi jajir hawaye na ta zuba, yana cewa Baba kamar an cusa min yashi. Uwarsa har ta ɗauko madara za ta ɗiga masa na hana, gari na wayewa muka kai shi asibitin ido. Likita ya ce hasken walda ƙona saman ido yake, kuma zafin baya tashi sai bayan awanni, shi yasa yara basa ganewa da wuri.

Gilashin walda na gaske akwai lamba a jikinsa, na waldar lantarki daga 10 zuwa sama, in ka sa shi ko ƙwan lantarki da ƙyar zaka hango. Mai yankan ƙarfe da inji kuma nasa fari ne mai kauri wanda ya rufe har gefen ido saboda tartsatsi.

Roƙona ga iyayen gidan masu walda, in zaku aiki yaro ku ce masa gilashin walda mai lamba, kar ku ce tabarau kawai, in da hali ma ku siyo masa da hannunku. Namu dai kwana uku ya yi a ɗaki da labule a sauke kafin ya iya kallon rana.

Naku,
Mai karatu daga Kurna, Kano